Ranar da Baba Ya Gwada Ƙafata

Mahaifina tsohon direban babbar mota ne. Ya fi shekara talatin yana ɗaukar auduga daga Daudawa, da masara da dawa daga kasuwar Yankara, ya kai kudu ya dawo da goro da manja. Da gwiwarsa ta dama ta gaji, sai ya ajiye makulli ya koma gona a nan Faskari, amma direbancin bai bar jikinsa ba. Ko alwala yake yi mota ta wuce ta ƙofar gida, sai ya ɗaga kai ya faɗi ciwon da ke damunta, wani lokaci har da ciwon da ke damun mai tuƙa ta.

Yana da doka guda a kan Innarmu: ba ta shiga motar ɗansa ko ta surukinsa sai ya gwada tuƙin mutum da kansa. Yayana sau uku ya yi gwajin kafin ya haye. Ƙanena sau biyu. Maigidana kuwa tun da ya ji labari ya ce shi ya yafe, ya fi son a ci gaba da gaisawa cikin mutunci.

Kowane wata Inna tana zuwa Funtua ganin likita saboda hawan jini da ciwon ƙafa. Da ƙanena ne ke kai ta, to sai aka mai da shi aiki garin Sabuwa, Yaya kuma tuni yana Kaduna. Sai ya zama motar haya take bi. Baba zai raka ta tasha, ya zagaya motocin da ke layi yana latsa tayoyi kamar mai tayin bijimi, ya zaɓi direban da ya yarda da shi, ko da sai an jira awa biyu kafin layi ya zo kansa. Sannan a cusa ta a baya su huɗu, da buhun wani a ƙarƙashin ƙafar da ake kai wa likita. In ta dawo kwana biyu take yi tana ɗingishi. Abin nan yana ƙona mini rai ƙwarai, musamman bayan na mallaki mota tawa ta kaina.

Ni malamar firamare ce, kuma sai da na haura arba'in na sayi motar. 'Yar Kwatano ce, otomatik, ruwan toka. Maigidana ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo lokacin hutu, na yi lasisi, na yi kusan shekara ina zuwa makaranta da unguwa da ita ban taɓa ko kazar mutane ba. Ranar da na ga na isa, na je gida na durƙusa na ce wa Baba ina so ni zan riƙa kai Inna Funtua.

Ya dube ni ya yi murmushi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, ai kin san doka. Mace da namiji duk ɗaya ne gare ni. Asabar ki zo ki kai ni Ƙanƙara in gai da Goggonki, mu dawo. In kinka haye, ga uwarki nan."

Na ce to, amma na san yadda yake gwajinsa. Ba ya kallon hanya sosai. Da an hau miƙaƙƙen titi sai ya jingina, ya rufe ido, ya riƙa sauraron inji. Ya ce inji ba ya rufa wa direba asiri. In ƙafar mutum a tsaye take a kan totur, za ka ji kukan injin layi ɗaya. In kuwa mai ɗar-ɗar ne ko mai garaje, injin ne zai fara kai ƙararsa. Ni kuma nan ne raunina yake. Maigidana ya sha yi mini dariya, wai tuƙina irin na keken ɗinki ne, a taka a saki, a taka a saki. In ya zauna a gefena kansa gaba da baya yake yi har mu isa.

Ana saura kwana uku na kai motar Funtua a canza mata mai. Makanikenmu dattijo ne mai son bayani. Ina tsaye ina kallo na tambaye shi amfanin wasu maɓallai da ke jikin sitiyari ta hannun dama, waɗanda tun da na sayi motar nake kauce musu.

"Hajiya, ashe ba ki sani ba? Wannan shi muke ce ma kurus. In kinka kai gudun da kike so, ki danna nan, ki ɗauke ƙafa, motar za ta riƙe gudun da kanta. In kinka taɓa birki ya saki. In kuma kinka danna wannan na sama, ta koma gudun da ta bari."

Ya ci gaba da magana. Na tuna ya ambaci ruwan sama, ya ambaci gari da kwana da ramuka, ya ce wani abu a kan inda ƙafa za ta zauna. Ina ta gyaɗa kai ina cewa "haka ne, haka ne," amma gaskiya rabin farko kaɗai na ji. Hankalina ya riga ya tafi wurin wani tsoho mai rufe ido, da kuma dogon hijabina wanda ke rufe ƙafata ruf in na zauna. A hanyar komawa gida na gwada abin sau biyu. Motar ta tafi sumul, wata 'yar koriyar alama ta fito a gefen maleji. Ni kaɗai a mota na riƙa dariya.

Asabar da hantsi na isa ƙofar gida. Baba ya fito da farar riga da tsumma a hannu. Na buɗe masa ƙofa, ya ce in bari tukuna, ba a fara daga ciki. Ya tsaya a gaban motar ya harɗe hannu.

"Kunna ƙaramar wuta. To. Dim. To. Ful. Mai da ta. Sigina ta dama. Ta hagu."

Na ce, "Baba, da rana ne fa. Kafin la'asar mun dawo."

"Damina ce. Kin yi alkawari da hadari ne?"

Ya koma baya ya sa ni taka birki. Ya ce in sake takawa. Sai ya zagayo ya leƙo ta taga fuskarsa cike da jin daɗi, irin na wanda ya tsinci abin da yake nema.

"Fitilar birki ta hagu ta mutu. Tun yaushe?"

Ban sani ba. Wa ke ganin bayan motarsa yana ciki? Ya ce shi ya sa ake sa wani ya duba, ko a ja da baya kusa da bango a taka a ga ja a madubi. Ya ce wanda ke bayanka ba shi da labarin abin da ke zuciyarka sai ta wannan 'yar jar wutar. Sai da muka biya wurin mai wayarin aka canza ƙwan, shi kuma ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya ya goge da tsummansa, har da lambar mota. Inna tana leƙe daga zaure lokacin da za mu tashi, ta ɗaga mini hannu a ɓoye.

Ranar ta dace da cin kasuwar Yankara, don haka da muka fito babban titi motoci ne ke ta zuba, akori-kura cike da buhuna da mutane a sama, da babura masu ɗauke da awaki. Nan da ƙafata na yi tuƙi, kuma na ji a jikina ina ta ɗinki. Baba sai gyaran murya yake yi lokaci-lokaci. Kowane gyaran murya kuwa a tsakiyar bayana nake jin sa.

Da muka karya muka ɗauki hanyar Ƙanƙara, motoci suka ragu. Akwai wani miƙaƙƙen wuri mai kyan kwalta, gonakin masara dama da hagu sun yi kore shar, dawa ta kai ƙugu. Baba ya gyara zama, ya ɗora carbi a cinya, ya rufe ido. Na kai maleji tamanin. Na saci kallonsa. Na danna.

Injin ya ɗauki murya ɗaya ya riƙe. Minti biyu, minti biyar. Muka hau ɗan tudu, motar ta ƙara wa kanta ƙarfi ba ko gargada, muka gangara ba ta zarce ba. Na ga girar Baba ta ɗaga, idonsa a rufe.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Can kuma ya ƙara, "Uwata, ashe tsoron kasuwa ne ya sa kike rawa ɗazu. Wannan ƙafa ai tawa ce kinka gado. Yayanki har yau bai iya haka ba."

Wallahi daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Shekara arba'in da wani abu ina jiran Baba ya ce na fi Yaya a wani abu. A lokaci guda kuma kunya ta ɗan tsikare ni, amma na danne ta, na ce ai Inna nake yi wa. Da na ga abin ya zauna, sai na sake jiki. Na janye ƙafata baya can kusa da kujera. Takalmina yana matsa mini ɗan yatsa, sai na zare shi. Ina tuƙa mahaifina a gudun tamanin da ƙafa ɗaya a naɗe kamar mai tsince shinkafa a tsakar gida.

Muna zuwa wata 'yar kwana kusa da wani ƙauye sai ga shanu suna tsallaka titi. Na hango su da nisa, ba wai sun faɗo mini ba ne. Amma motar ba ta hango su ba, tafiyarta take yi. Na kai ƙafa birki, ƙafar ta fara cin karo da takalmin da na cire, na ture shi, na lalubo birkin na taka da ƙarfin da ya fi na kullum. Muka tsaya da sauran fili mai yawa, sai dai carbin Baba ya zame ya faɗi ƙasa. Ya buɗe ido ya ga shanu, ya ɗaga wa makiyayin hannu, ya sunkuya ya ɗauki carbinsa.

"Kin makara kaɗan," ya ce. "A daɗe ana rage gudu ya fi a taka gaba ɗaya."

Na ce to. Asirina dai bai tonu ba. Da a nan na tsaya da shi ke nan. Sai dai shanu na gama wucewa na matsu injin ya koma muryarsa mai daɗi kafin Baba ya sake rufe ido. Muna tafiya a hankali, ba mu ma fita daga ƙauyen ba, ga masu tallar gyaɗa a bakin titi, ga wani mai keke da damin ciyawa, na kai yatsa na danna maɓallin sama, wanda ke mai da mota gudun da ta bari.

Gudun da ta bari kuwa tamanin ne. Injin ya yi gurnani, motar ta zabura ta ja mu gaba da kanta. Wata akuya da ke shirin tsallakawa ta fasa, ta yi tsalle ta faɗa kwata. Mai keke ya karkace ya dafa ƙasa. Na taka birki, wannan karon ƙafar tana kusa, motar ta lafa. Ba abin da ya samu kowa, sai baƙar magana da mai keken ya bi mu da ita, kuma ya yi gaskiya.

"Tsaya," in ji Baba.

Na gangara gefe na tsaya.

"Wa ya taka totur?"

Na ƙura wa sitiyari ido.

"Na ji injin ya tashi, ban ji ke kin motsa ba. Wa ya taka?"

Ya sunkuya ya dubi ƙasa. Ga takalmina ɗaya a kwance a gefe, ga ƙafata tsirara a kan birki. Ya ɗago ya bi dashbod da kallo har idonsa ya sauka a kan koriyar alamar nan. Ni da nake tsare yara in sun yi satar amsa, na ji kaina ya yi mini nauyi. Na faɗa masa komai, tun daga wurin makanike.

"Wato tun ɗazu motar nike yabo," ya ce.

"E, Baba."

"Sa takalminki. Kashe abin nan. Mu tahi."

Daga nan har Ƙanƙara bai ƙara ce mini uffan ba, bai kuma rufe ido ba. A gidan Goggo, ƙanwarsa, ya sake kamar ba shi ba. Ya ci dambu, ya sha fura, ya yi wasa da jikoki, ya ba da labarin wata gada da ta karye da su a kudu wanda duk mun haddace. Goggo ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke, ya gwajin?" Na ce ta taya ni addu'a kawai. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ita tun da ta ga yana ta fara'a da kowa ban da ni ta san an yi ɓarna. Ni ba dariya a raina. Na riga na hango Inna a bayan motar haya da buhu a ƙarƙashin ƙafa, kuma ni na jawo mata.

Ana idar da azahar muka juyo, domin yanzu ba mai son yamma ta yi masa a hanyoyinmu. Ba mu yi nisa ba gabas ta haɗe. Kafin mu kai rabin hanya gari ya yi duhu kamar magariba, iska ta fara kwantar da masara, sai ruwa ya sauko. A nan ne sauran maganar makanike ta dawo mini tiryan-tiryan: ba a sa kurus a jiƙaƙƙen titi, domin in taya ta hau ruwa ta zame, shi bai sani ba, ƙara mata wuta zai yi. Ko kallon maɓallin ban yi ba. Na rage gudu, na sa waifa, na kunna dim.

Motocin da ke gabana da wadda ke bayana duk suka kunna dabul sigina, fitilu huɗu na ƙiftawa, kuma kowa yana tafiyarsa. Haka ake yi a wajenmu. Ruwa ya sauko, dabul sigina. Rakiyar amarya, dabul sigina. Wani ma in zai miƙe a mararraba ita yake kunnawa. Ni ma haka na tashi na gani, sai na miƙa hannu wajen jan maɓallin.

"Motarki ta mutu ne?"

Maganarsa ta farko da ni ke nan tun da ya kama ni. Na ce a'a.

"To bar shi. Wannan wuta ta wanda ya tsaya ce, ko wanda lalura ta kama bisa hanya. In kinka kunna ta kina tahiya, da mi za ki gaya ma na baya za ki karya? Dim ta isa. Ta kunna maki jar wuta a baya, ana ganin ki. Ki dai ƙara ba wancan fili."

Na janye hannuna, na ƙara tazara tsakanina da ƙaramar motar da ke gaba. Ba a yi minti biyar ba sai ga amfanin filin. Mai motar nan, fitilunsa huɗu suna ta ƙiftawa, kawai ya rage gudu ya karya hagu zuwa wata hanyar ƙauye. Wataƙila ya sa sigina, Allah kaɗai ya sani, don ba yadda za a yi a gane. Na rage a hankali na bar shi ya wuce. Baba ya yi tsaki, amma ba ni ya yi wa ba, kuma na ji daɗin hakan.

Can sai ga wata bas ta taho daga gaba da ful, hasken ya daki gilashina da ke jiƙe ya watsu, na daina ganin komai sai fari. Raina ya ɓaci. Ni ba a yi mini in ƙyale, ko a taron malamai an san ni. Na kai hannu zan watsa masa tawa ful ɗin ya ji in da daɗi.

"In kinka rama, makafi sun zama biyu," in ji Baba. "Ƙifta mashi sau ɗaya, ko mantawa ya yi. Ki mai da idonki gefen titi na dama, ki bi bakin kwalta."

Na ƙifta sau ɗaya. Mutumin ya mai da tasa dim, har ya ɗan danna hon da zai wuce. Ashe mantawar ce. Baba ya ƙara da cewa ful a cikin ruwa ko hazo ba ta ƙara gani, hasken dawo wa mai shi yake yi.

Ruwan ya ƙi sassautawa, sai ma ƙaruwa. Waifa tana iyakar ƙoƙarinta amma ina ganin titin ne kamar ta cikin leda. Wanda ke bayana ya matso ya manne mini yana ƙifta wuta, yana so in ƙara gudu. Na duba zuciyata na ga ba na ganin abin da ya kai tsawon motoci uku. Na san gwajin na riga na faɗi, ba sauran wanda zan burge. Da muka zo wani ƙauye mai fili a gaban rumfunan kasuwa, na sa sigina ta dama tun da nisa, na rage, na sauka daga kwalta gaba ɗaya na tsaya. Sannan na danna jan maɓallin nan. Na juya na dubi Baba, ina jiran ya ce na cika tsoro.

"Yanzu ne lokacinta," ya ce.

Muka zauna ruwa yana dukan rufin mota. Ƙanshin ƙasa ya shigo ta 'yar kafar taga. Ya ɗauko goro ya ɓare, ya miƙo mini rabi, abin da bai taɓa yi ba. Na karɓa da hannu biyu ko da yake ba na ci.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na yi maka ha'inci."

"Kin yi." Ya tauna goronsa. "Amma ba shi ya fi ɓata mani rai ba. Takalmin nan. Kin ba ƙarfe amanar totur, to wannan na ji. Birkin fa, wa kinka bar ma?"

Can ya matso da kansa kusa da sitiyari yana ƙanƙance ido.

"Wanne ne ma a cikin maɓallan?"

Na nuna masa. Ya sa ni maimaita duk abin da makanike ya faɗa, sai ga shi ashe na ji fiye da yadda na zata. Busasshen titi, miƙaƙƙe, wanda ba cunkoso. Ban da cikin gari, ban da kwana, ban da ramuka, ban da ruwa. In mutum yana jin barci kada ya kusance shi. Ƙafa kuma tana nan a gaban birki, cikin takalminta. Shi kuma na saman, ba a danna shi sai an tabbata hanyar da ke gaba za ta ɗauki gudun da aka bari. Yana ji yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta.

Ya shafa gwiwarsa ta dama. "Shekara talatin ina danne totur da wannan, daga nan har bakin teku. Ashe wasu suna can sun ɗora ma yatsa aikin." Ya yi dariya har ya ƙware da goro. "Da muna da shi lokacinmu, da yanzu da gudu nike zuwa masallaci."

Ni ma na yi dariya, har da 'yar ƙwalla. Da ruwan ya tsagaita na kashe dabul sigina, na sa ta hagu, na duba madubi na hau titi. Da ƙafata na kawo mu gida, ina ɗinkina daidai gwargwado. Inna ta tare mu a zaure tana duban fuskarsa tana duban tawa. Ta ce, "Malam, yaya?" Ya ce a ba shi ruwan alwala, la'asar tana wucewa. Ko da na yi sallama zan tafi bai ce na haye ba, bai ce na faɗi ba.

Kwana tara tsakanin ranar da ranar ganin likita. Na je gidan sau uku, muka yi hirar taki da ta farashin masara, bai ɗauko maganar ba, ni ma girman kai ya hana ni tambaya. Yaya ya kira daga Kaduna yana mini dariya, don Goggo ta riga ta watsa labari, wai ya ji an kama malamar makaranta da satar amsa. Na ce ya bari, shi da ya yi sau uku.

Ranar da safe na ɗauki izini a makaranta na tafi da motar. Na ce ko ba komai na kai Inna tasha, in ya hana wannan ma sai a yi wadda za a yi. Ina karyo kwanar gidanmu na hango su a waje. Inna tana zaune a kan dakali da sabon mayafi. Baba yana tsaye da jakarta a hannu da katin asibiti.

Na fito na gaishe su. Bai amsa da tsawo ba, ya buɗe ƙofar gaba, ya tura kujerar baya don ƙafarta ta samu wurin miƙewa, ya riƙe ƙofar har ta zauna. Ya nuna mata yadda za ta ja bel. Sannan ya zagayo wajena.

"Ƙafarki sai a hankali, ba zan ɓoye maki ba. Amma duk cikin waɗanda na gwada, ke kaɗai kinka tsaya ban ce ki tsaya ba. Ku tahi. In kun isa ki kira."

Na gyaɗa kai. Na tayar da mota muka ɗauki layinmu a hankali, ina kauce wa kwatami. Inna ta miƙe ƙafarta ta sauke ajiyar zuciya. Da muka kusa bakin titi na sa sigina, na duba madubi, sai na hango shi. Ya fito tsakiyar layi ya tsaya, hannunsa ɗaya a kan goshi yana kare rana.

Na ce, "Inna, Baba fa bai shiga gida ba. Siginata yake dubawa."

Ba ta waiwaya ba. Ta gyara mayafinta tana murmushi.

"Ba sigina yake dubawa ba. Shekara talatin a daidai wurin nan nike tsayawa in ya tashi tahiya, har wutar motarshi ta ɓace mani. Bar shi ya tsaya, yau ya ji yadda abin yake."